Iyayen Samari: Tunawa Da Masu Riƙon Matasa A Ƙasar Makarfi

A Gazara, kamar sauran garuruwan ƙasar Makarfi, ranar jana'iza ake sanin matsayin mutum. Akwai gawar da dattawa da dangi ke rakawa, a binne, a yi addu'a, a watse. Akwai kuma wadda tun kafin a gama yi mata wanka samari sun cika maƙabarta da diga da shebur, suna rige-rigen haƙa kabari. 'Yan acaɓa su jingine babura, 'yan ƙwallo su fasa wasan yamma, wanda ke ci-rani a Abuja ya kamo hanya cikin dare don kada zaman makoki ya wuce shi. Baƙo in ya tambaya ko wani attajiri ne ko ɗan siyasa ya rasu, amsar da zai samu gajeriya ce: "Ai wanda ke riƙe mana yara ne."

Kowace gunduma a nan tana da irin wannan mutum, daga Gazara zuwa Gimi, Gubuchi, Mayere da Gwanki, har ka tsallaka Hunkuyi da Kudan, ko ka nausa Ikara. Wani malamin firamare ne, wani ma'aikacin sashen walwalar jama'a na ƙaramar hukuma, wani kocin ƙungiyar ƙwallo, wani shugaban 'yan agaji, wani kuwa tela ne ko bakanike da ya tara yara a shago. Abin da ya haɗa su shi ne sun ɗauki ɗan wani tamkar nasu, kuma sun yi hakan ba tare da sun saki gidajensu ba. Suna rasuwa ɗaya bayan ɗaya, ana yabon su kwana uku, sannan aikin ya bi su kabari, iyalansu kuma su shiga wani hali. Wannan rahoto na tunawa da su ne, da kuma bashin da suke bin al'umma.

Ƙasa mai albarka, samari masu yawa

Wanda ya bar babbar hanyar Zariya zuwa Kano a Tashar Yari ya shiga Makarfi zai ga dalilin da ya sa ake kiran wannan yanki gidan rake. Fadamu ne shimfiɗe, kuma daga kasuwar raken Makarfi manyan motoci ke lodi zuwa sassan ƙasar nan. A ƙauyuka har yanzu ana matse rake a dafa ruwansa a yi mazarƙwaila. A Kudan da Hunkuyi da Ikara ga tumatir, ga tattasai da attaruhu, ga masara da waken suya. Duk wannan aiki ƙarfin samari ne ke yin sa: su ke sara, su ke ɗauri, su ke lodi, su ke kwana a bakin injin ban-ruwa.

Sai dai noma yana da lokaci, kuma yana da ranar baƙin ciki. A 2016 tsutsar da manoma ke kira sharon ta cinye gonakin tumatir, har gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan lamarin. Masana'antar sarrafa tumatir ta Ikara, wadda aka kafa a 1981 domin ta sayi amfanin manoma ta kuma ɗauki 'ya'yansu aiki, ta shafe shekaru masu yawa a rufe. Idan kaya ya yi kwantai, kwandon tumatir ba ya mayar da kuɗin motar da ta kai shi kasuwa. Saurayi sai ya tattara ya tafi birni acaɓa ko dako, can ma a tare shi: Abuja ta hana acaɓa a tsakiyar birni tun 2006, Kano ta hana a 2013, Legas ta tsananta a 2020 da 2022. Janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 ya ƙara tsadar ban-ruwa da sufuri. Da yawa sun dawo gida hannu rabbana, wasu kuma sun dawo da ɗabi'un da ba su tafi da su ba.

A tsakanin gonar da ba ta isa ba da birnin da ya rufe ƙofa, nan ne mai riƙon samari yake tsaye.

Daga sarkin samari zuwa yau

Wannan aiki ba baƙo ba ne a ƙasar Zazzau. A da, yaro yana tashi ne a cikin gandu, ƙarƙashin uba ko babban wa. Da safe aikin gonar gida, da yamma ya shiga gayaunarsa. Maigida ke biya masa haraji, shi ke yi masa auren fari. A wajen gida kuma akwai sarkin samari, wanda ke tara tsararsa ranar gayya, ya shirya wasan kalankuwa bayan kaka, ya tsawata wa wanda ya fita layi. Wani masani mai suna M. G. Smith ya zauna a lardin Zazzau a 1949 da 1950 yana nazarin wannan tsari na gandu, matarsa Mary Smith kuma ta rubuta tarihin rayuwar Baba ta Karo daga bakinta, littafin da ya fito a 1954. Abin da suka tarar shi ne al'ummar da yaro ba ya rasa mai ce masa bari.

Gandu ya yi rauni a hankali. Gonaki sun rarrabu saboda gado, kuɗi ya shiga hannun yara tun suna ƙanana, neman abinci ya raba uba da gida tun daga asuba har dare. Ƙungiyoyi suka cike wani ɓangare na gurbin: Jama'atu Nasril Islam da aka kafa a Kaduna a 1962, Fitiyanul Islam, Izala da aka kafa a Jos a 1978, kowacce da rundunar 'yan agajinta da makarantun Islamiyya. Ga ƙungiyoyin ci-gaban gari, ga kulob-kulob na ƙwallo, ga 'yan sintiri. Amma ƙungiya suna ce kawai in babu mutum ɗaya da zai ɗauki abin a ka. Duk inda ka ga ƙungiyar matasa tana da rai a ƙauye, bincika, za ka tarar da wani bawan Allah da ke kashe lokacinsa da kuɗin aljihunsa a kanta.

Aikin da ba shi da ofis

Ofishinsa zauren gidansa ne, ko benci a gindin bishiyar darbejiya, ko teburin mai shayi. Ba shi da lokacin tashi. Ƙarfe sha ɗaya na dare ake ƙwanƙwasa ƙofa, uwa ce tsaye da mayafi a karkace, an kama ɗanta a faɗan da ya tashi a gidan kallon ƙwallo. Zai zura riga, ya tayar da babur, ya nufi ofishin 'yan sanda. Can zai rusuna ya ce, "Yallaɓai, yaron nan nawa ne, a ba ni shi, gobe da safe ni zan kawo shi da kaina." Ya sa hannu a takardar beli da sunansa, ya san in yaron ya gudu shi za a nema. A hanya ba zai ce masa uffan ba. Sai sun isa zaure, an kawo ɗumamen tuwo yaron ya ci, sannan zai dube shi ya ce, "To, ɗana, gaya mini gaskiya, me ya faru?" Yaron da ya ƙi buɗe baki a gaban hukuma, a nan zai sunkuyar da kai ya ce, "Baba, wallahi kuskure ne."

Washegari aikin ya koma na sulhu. Zai je gidan wanda aka ji wa rauni da dattijo ɗaya ko biyu, a ba da haƙuri, a yi maganar kuɗin magani. In abin ya fi ƙarfinsu a dangana da mai unguwa ko dagaci, ya faɗi ya yi gaisuwa: "Ranka ya daɗe, yara ne, mun zo a kashe wutar tun tana ƙarama." Daga nan sai neman abin da zai riƙe yaron, domin ya san hannun da ba shi da aiki shi ke ɗauko rigima. Zai kai shi wurin mai walda ko mai gyaran injin ban-ruwa, ya tsaya masa a matsayin uba. Bayan mako biyu zai leƙa ya ga ko yana zuwa.

Sauran aikin ba ya ƙirguwa. Shi ke cika wa yara fom ɗin jarrabawa, shi ke bin gida-gida lokacin da aka cire yarinya daga makaranta, shi ke tara samari su yashe kwalbati kafin damina ko su yi wa gwauruwa yaɓen ɗaki. Lokacin zaɓe kuwa aikinsa ya ninka, saboda a lokacin ne ake zuwa da kuɗi da ƙwaya ana neman 'yan bangar siyasa, shi kuma yana bin yaransa ɗaya-ɗaya yana tuna musu cewa ɗan takara zai wuce, maƙwabci kuwa yana nan. A 2020, da gwamnonin Arewa suka riƙa mayar da almajirai jihohinsu saboda annobar korona, irin waɗannan mutane ne a garuruwa da dama suka san gidan da kowane yaro ya fito.

Yaƙi da ƙwaya

Babu abin da ya cinye ƙarfin masu wannan aiki a 'yan shekarun nan kamar shaye-shaye. Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, wanda aka fitar a farkon 2019, ya nuna mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da ƙwaya a cikin shekara guda a Nijeriya. Kimanin miliyan 10.6 wiwi suke sha, miliyan 4.6 magungunan kashe zafi irin su tiramol, miliyan 2.4 kuma maganin tari mai kodin. Ɗaya daga cikin kowane mutum huɗu masu shan ƙwayar mace ce. A watan Mayun 2018, bayan wani rahoton bincike na BBC, gwamnatin tarayya ta haramta sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin.

A ƙauye ƙwaya ba ta shigowa da sunan holewa. Da sunan ƙarfin aiki take shigowa. Saurayin da zai wuni yana saran rake ko lodin buhuna, abokinsa zai miƙa masa ƙwaya biyu ya ce zai yi aikin mutum uku bai gaji ba. Ya kuwa yi. Bayan wata shida ba ya iya ɗaga fartanya sai da ita, bayan shekara ya fara ɗaukar awon gida yana sayarwa. Mai riƙon samari yakan riga iyaye ganewa, domin shi ke ganin idon yaron a fili, shi ke lura ya daina zuwa atisaye.

A nan ne bambancinsa yake fitowa. Iyaye da yawa in sun gaji sai su nemi gidan mari. Duniya ta ga abin da ke faruwa a wasu daga cikin gidajen nan a watan Satumban 2019, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa, Kaduna, da yawansu da sarƙa a ƙafa da tabon duka a jiki. Mai riƙon samari na ƙwarai ya san shaye-shaye ciwo ne da ke buƙatar magani. Shi ke lallashin uba ya haƙura da sarƙa, ya nemo kuɗin mota a kai yaron Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa a Kaduna, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. In an sallamo shi, shi ke zama da shi a watannin farko masu wuya, lokacin da tsofaffin abokai ke zagayowa. Wasu yaran suna warkewa, wasu suna komawa, ya sake farawa daga tushe. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma waɗannan mutane ba sa yar da busasshen ma.

Gidan da ke ɗauke da nauyin

Idan ana yabon irin wannan mutum a wurin ta'aziyya, akan manta da waɗanda suka biya kuɗin alherinsa. Uwargida ce ke ƙara gari a tukunya kullum saboda ba ta san baki nawa za su ci ba. Ita ke tashi tsakar dare ta ɗumama abinci, ita ke haƙura da kuɗin cefanen da ya koma kuɗin belin ɗan wani ko kuɗin jarrabawar maraya. In yarinya ce ta shiga matsala, cikin gida ake shigar da ita, uwargida ta zaunar da ita a gefen gado ta ji abin da ba za a iya gaya wa namiji ba. 'Ya'yansa kuwa sun saba raba tabarma da baƙin da ba su san daga ina suke ba, sun saba raba uba da yaran gari duka.

Mutanen karkara suna da ma'auni mai tsauri a kan wannan. Ba sa miƙa ɗansu ga wanda gidansa ke a wargaje. Kafin a saurari nasiharka sai an dubi naka: suna gaida mutane? Suna makaranta? Matarka tana cikin rufin asiri? Gida bai ƙoshi ba, ba a kai wa dawa. Shi ya sa waɗanda suka daɗe a wannan aiki, har aka yi kukan rashinsu, kusan dukkansu mutane ne masu kula da iyali. Za ka same shi bayan sallar asuba yana biya wa 'ya'yansa karatu kafin ya fita. Ranar kasuwa ba ya dawowa hannu wofi, ko da ƙullin ƙosai ne ko sandar rake. In uwargida ta yi ƙorafi, "Malam, yau ma ba ka zauna da mu ba," ba ya ɗaga murya, ya san gaskiya ta faɗa, kuma gobe zai rama. Saurayin da ya taso a gidan da babu jituwa, in ya zauna a irin wannan zaure yana ganin yadda maigida ke magana da iyalinsa, ya koyi darasin da babu wa'azin da zai koya masa. Da yawa daga cikinsu sai sun yi aure suke gane inda suka samo halin.

Addini ma a nan ya ajiye ma'aunin: nagartar mutum tana farawa ne daga yadda yake da iyalinsa. Kula da gida da kula da yaran gari, a wurin waɗannan bayin Allah, aiki ɗaya ne.

Waɗanda aka riƙe sunansu

Ƙasar Zazzau ta san darajar masu renon 'ya'yan wasu, in sun yi suna. Hajiya Gambo Sawaba, wadda aka haifa a 1933 ta rasu a 2001, an fi saninta da gwagwarmayar NEPU da shiga kurkuku, amma mutanen Zariya suna tuna gidanta a matsayin mafakar yara da marasa galihu da ta riƙa ɗauka tana reno. Yau akwai babban asibiti da sunanta a Zariya. Marigayi Sarkin Zazzau Alhaji Shehu Idris, wanda ya yi shekara 45 a kan karaga daga 1975 har rasuwarsa a ranar 20 ga Satumban 2020, da koyar da yara ya fara aiki, kuma Hunkuyi na cikin wuraren da ya koyar. Kwalejin kimiyyar lafiya ta Makarfi, wadda daga baya aka haɗe ta da Jami'ar Jihar Kaduna, sunansa aka sa mata.

Waɗannan sun cancanci abin da aka yi musu. Amma a bayan kowane ɗaya da aka rubuta sunansa a allo akwai ɗaruruwa a ƙauyuka da ba a taɓa ɗaukar hotonsu a wurin taro ba. Hukuma ma ta makara wajen gane aikin. Dokar kare haƙƙin yara ta tarayya ta fito a 2003, Jihar Kaduna ta yi tata a 2018, kuma sai a ƙarshen 2022 aka sa hannu a dokar kafa majalisar da za ta tsara sana'ar kula da walwalar jama'a a Nijeriya. Dokokin suna da kyau, sai dai doka ba ta tashi ƙarfe sha ɗaya na dare ta hau babur. Mutum ke yin wannan.

Bayan sadakar arba'in

Abin da ke biyo bayan rasuwar irin wannan mutum shi ne ya fi ciwo. Kwana uku gida cike, ana ta "Allah ya jiƙansa, halinsa nagari ya bi shi." Bayan bakwai ƙafa ta ragu. Kafin uwargida ta fita takaba, wata huɗu da kwana goma, zauren ya koma shiru. Mutumin da ya kashe abin hannunsa a kan 'ya'yan jama'a ba ya barin dukiya. In ma'aikaci ne, iyali su shiga zaryar neman haƙƙinsa. In mai sana'a ne, shagon ya rufe. Sai ka ga ɗan wanda ya mayar da yara da dama makaranta an koro shi saboda kuɗin jarrabawa. Wannan abin kunya ne ga gari, kuma gari ne ya kamata ya ji kunyar.

Gyaran bai fi ƙarfinmu ba. Na farko, samarin da suka ci moriyarsa su ɗauki iyalinsa a matsayin amana. Gonarsa kada ta kwana: a yi mata gayya kowace damina, daga huɗa har girbi, a kai amfanin gida. Ƙungiyar gari ta buɗe asusu na karatun marayunsa, a riƙa karanta lissafinsa a bainar jama'a duk ranar taron sallah. Masu fitar da zakkar amfanin gona su tuna da wannan gida kafin su duba nesa. Jihar Sakkwato ta nuna cewa hukumar zakka da waƙafi na iya ɗaukar nauyin marayu a tsare, babu abin da zai hana masarauta da malamai su yi irinsa a matakin gunduma.

Na biyu, kada a jira mutuwa kafin a nemi magaji. Duk mai wannan aiki ya jawo matasa biyu ko uku a jiki, ya riƙa tafiya da su wurin sulhu da ofishin hukuma da asibiti, su san ƙofofin da yake ƙwanƙwasawa. Mata ma a sa su a ciki, domin 'yan mata na da nasu matsalolin da zaure ba ya ji. Ƙananan hukumomin Makarfi, Kudan da Ikara suna da sassan walwalar jama'a, ga kuma harabar jami'a a Makarfi. Horo na 'yan makonni kan gane alamun shaye-shaye, taɓin hankali da cin zarafin yara, tare da ɗan alawus na man babur, zai ninka amfanin waɗannan mutane, ya kuma rage nauyin da ke kan tukunyar matansu.

Na uku, a rubuta. Kowace makarantar sakandare a yankin tana da ɗaliban da za su iya zama da uwargidan marigayi da abokansa da yaran da ya rena, su ɗauki bayaninsu a waya, su rubuta shafi biyar. A ajiye a makaranta da fadar hakimi. A sa sunansa a gasar ƙwallon gunduma, ko a ajin da aka gina da gayya. Yaron da ya tashi yana jin cewa garinsu na girmama wanda ya yi wa jama'a hidima, zai so ya zama irinsa.

Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Allah ya gafarta musu, ya sa aikinsu ya zama sadaka mai gudana, ya rufa wa iyalansu asiri. Waɗanda ke raye kuwa, a Gazara da Gimi da Hunkuyi da Ikara, kowa ya san su, ya san ƙofar gidajensu. A je a gaishe su tun suna ji, a tambaye su abin da aikin ke buƙata, a ɗauki wani ɓangare na kayan.